Abin Da Ya Hana Ni Aiko Miki Da Kajin Babanki

Daga Gumel, zuwa ga autata Bilkisu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mijinki Malam Nura, ina gaida Hajiya mahaifiyarsa da duk mutanen gidanku na Gagarawa Tasha, manya da yara. Yaya baƙunta? Ruwan garin ya karɓe ki? Allah Ya sa kin shiga ɗakin nan a sa'a, Ya tsare ki a kwance da tsaye, Ya sa ki zame musu sanyin ido.

Auta, har yau ban sauko daga murnar bikin nan ba. Ina shara sai in ji ni ina dariya ni kaɗai. Yayarki Hauwa da ta dawo daga kai ki, na zaunar da ita na ce ta faɗa mini komai, kada ta tsallake ko ƙusa. Ta ce tsakar gidanki mai faɗi ce, da darbejiya a tsakiya, ga famfo a bakin ƙofa, ga wani lungu a bayan madafa da rana ba ta dukansa sosai. Da ta zo kan lungun nan na sa ta maimaita har ta gaji, ta ce, "Inna, ke ɗakin amarya ba ya gabanki, sai wurin akurki?" Na ce mata ita ba za ta gane ba. 'Yata ta yi gidan kanta, har da wurin kiwo! Da Babanki yana da rai, da tuni ya hau mashin ya je ya auna lungun nan da ƙafarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da ake loda kayan ɗakinki kin ja ni gefe kin ce, "Inna, ina kajin Baba?" Na ce sai daga baya. Gida cike yake da mutane, ban iya yi miki bayani ba. Na ga idonki ya ciko. Shekaranjiya kuma a waya kika ce, "Inna, ko kin fasa ba ni ne?" Na buɗe baki sai kuka ya riga magana. Shi ya sa na ce bari in rubuta, takarda ba ta rawar murya.

Ban fasa ba. Naki ne. Babanki da bakinsa ya ce in za ki ɗakinki a haɗa ki da wake-waken kajin nan nasa da jan zakaran, kuma ni ba zan taɓa cin wannan magana ba. Amma kaji na mutuwa a unguwar bayanmu, rediyo kuma ta fara maganar murar tsuntsaye. Namu dai lafiya lau suke a ido, suna ci suna sha. Sai dai kafin in kulle su, agwagin maƙwabta sun riƙa shigowa suna sha a kaskonsu. Ban san abin da suka bari a ruwan ba. Hauwa ta ce Hajiya tana da zabi da kaji cike da gida, da su take hidimarta. Ki duba mini, Auta: amarya ta zo da kwandon kaji a watanta na farko, bayan 'yan kwanaki zabin uwar miji su fara zubewa. Ko sun yafe miki da baki, za a daɗe ana tunawa. Ni na san wannan, don na taɓa kai wa wata cuta har cikin gida da hannuna. Kina ƙarama lokacin, ba za ki riƙe ba. Bari in ba ki labarin yadda ya faru, ki ɗauki abin ɗauka.

Shekarar da kika shiga aji uku na firamare ne, lokacin sanyi, ana gab da bikin Hauwa. Ina so in tara kaji saboda baƙi. Na bi Babanki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ya shige wajen hatsi, ni na nufi layin masu kaji. Can ƙarshen layi na ga wani mutum da keji cike, yana sayarwa da arha irin wadda ban taɓa gani ba, kuma yana ta waige-waige kamar mai sauri. Zuciyata ta yi fari. Ban tambayi kaina abin da yake sa mutum ya karyar da kajinsa haka ba. Na kwasa. Da Babanki ya gani ya ɗaga ɗaya, ya duba idonta, ya ce, "Rabi, waɗannan ki ɗaure su a kangon baya tukuna, mu ga kamun ludayinsu." Na ce, "Malam, kaza ce fa, ba baƙon da za a yi wa tambayar asali ba." Muna isa gida na kwance su a tsakar gida, suka gauraya da nawa.

Ki ji ni da kyau a nan. Duk kazar da ta shigo gidanki, saye ce ko kyauta, ki ware ta nesa da naki kamar mako biyu zuwa uku, da kaskon ruwanta daban, da na dusarta daban. Kuma kyautar ce ta fi wuya, don yanzu ke amarya ce, dangin mijinki za su riƙa zuwa ganin ɗaki, wata ta riƙo miki 'yar budurwar kaza a hammata. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki kawo mata ruwa da fura. In ta tafi ki kai kazar inda za ta zauna ita kaɗai. Ba raini ba ne. In kuma kin ga arha ta yi yawa a kasuwa, ki wuce abinki. Mai kajin ya san abin da ya baro a gida.

Ba a jima ba na tashi da safe na tarar da biyu a mace a bakin akurki. Ba su yi wani dogon ciwo ba. Da yamma suna tsattsaga, da safe sun sandare. Sai ga babbar kazata, wadda ta fi kowace ƙiba, ta takure a gindin turmi, kanta ya kumbura, zankonta ya yi baƙi-baƙi, tana buɗe baki da ƙyar.

Kin san abin da kowace mace take yi a garin nan in ta ga haka. Haka na ga uwata tana yi, haka ita ma ta gani. A yi maza a yanka kafin rai ya fita, kada ta zama mushe a yi asara. Na ruga zaure ina cewa, "Malam, wuƙa! Za ta tafi!" Ya shigo ya tsaya a kanta, ya ce, "Wannan ba ta yi mini kama da abin ci ba." Na ce, "Da ranta fa, halal ce." Ya ce, "Halal ɗin na ji. Lafiyar fa?" Na ce, "Wuta za ta kashe komai. Malam, don Allah, tana lumshe ido!" Kin san Babanki ba ya son ganin hankalina a tashe. Ya yi bisimilla ya yanka. Kafin azahar ya yanka uku, don ina ganin wata ta fara gyangyaɗi sai in kira shi.

Na zauna na fige su da hannuna, ke kina gefena kina wasa da gashin, kina soka shi a kitsonki. Ruwan da na wanke naman na kwarara a kwata, kwatar da take bi ta gidan Asabe maƙwabciyarmu. Hanjin da gashin na sa aka watsa a juji, inda kajin unguwa suke tono. Naman kuma ya yi mana yawa, sai na ce bari in yi zumunci. Na sa rabin kaza ɗanya a kwano na aika wa Asabe. Har ta aiko da godiya, wai Allah Ya bar maƙwabtaka.

Ba a rufe mako ba Asabe ta yi sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa da zabuwa matacciya a hannu, ta riƙe ta ta ƙafa. Ta ce, "Rabi, kyautarki ta iso, har da 'yan rakiya." Na ce, "Asabe, me kike nufi?" Ta ce, "Zo ki leƙa gidana ki ƙirga da kanki, ke da kika iya rabon nama." Na bi ta. Auta, ba zan manta da tsakar gidan nan ba. Asabe da ƙwan zabi take saya wa 'ya'yanta sabulu da takalmin makaranta, mijinta ya daɗe ba shi da lafiya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dai zauna a kan turmi ta ce, "Da kin faɗa mini naki na mutuwa, da na kulle nawa." Mun shirya daga baya, kin ga ma ita ta yi miki lalle a bikinki. Amma an daɗe ina jin nauyin haɗa ido da ita.

Don haka, 'yata, kazar da ciwo ya kama ki bar ta ta tafi. Na san da zafi. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayin ɗauko wuƙa, wata tsohuwa ma za ta ce miki almubazzaranci ne. Ki daure. Wadda ta mutu, kada ki taɓa ta da hannu tsirara, ki sa hannunki cikin leda. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, yadda kare ba zai tono ba, a zuba toka a rufe. Kada a jefa a juji, kada a jefa a kududdufi. Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke takalmin da kika shiga akurki da shi. Sannan ki leƙa ta katanga ki gaya wa maƙwabciyarki tun da wuri. Kunyar faɗa ƙarama ce a kan wadda na sha.

Ban tsaya nan ba fa. Da sauran suka ci gaba da faɗuwa, Babanki ya ce zai je ya kira malamin dabbobi. Na tare ƙofa. An ce mini in suka zo kashe duk kajin gida suke yi, har masu lafiya. Na ce a bar ni in gwada nawa. Na daka barkono na zuba a ruwansu, na jiƙa ɓawon maɗaci, na sayo kafso ɗin nan ja-da-yalo na farfasa musu. Ina kama su ɗaya bayan ɗaya ina ɗura musu, da hannun da na taɓa mai ciwo nake taɓa mai lafiya. 'Yan tsakin da suka rage kuma na kwashe su a kwando na kai ƙarƙashin gadonmu, wai ina ɓoye su daga cutar. A ɗakin kike kwana. Da safe sai in same ki kin jawo kwandon kina sumbatarsu.

Sai kika tashi da zazzaɓi.

Auta, ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba. Jikinki kamar garwashi, kina kiran sunana ba kya gane ni. Na tuna a rediyo an ce ciwon yana iya kama mutum, ko da yake ba kasafai ba. Babanki ya saɓa ki a kafaɗa sai asibiti, ni ina biye da mayafi a karkace. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko akwai wani abu da ya faru a gida. Na yi shiru, kunya ta rufe mini baki. Babanki ne ya ce, "Kajinmu na mutuwa, kuma yarinyar tana wasa da su." Nan take suka ware ki, suka duba ki da kyau. Allah da ikonSa, zazzaɓin cizon sauro ne. Da aka faɗa mana na durƙusa a barandar asibitin ina kuka ina dariya. Babanki ya ce, "Tashi, Rabi, kina tara mana jama'a. Za a ce mu muka zo da mai aljanu."

Daga asibitin bai zarce gida ba, ofishin malaman dabbobi ya wuce, wannan karon ban hana shi ba. Suka zo da safar hannu da abin rufe hanci, suka ɗauki abin da za su gwada, daga baya suka tabbatar murar tsuntsaye ce. 'Yan ragowar da suka saura aka hallaka su, aka binne, aka yi feshi. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na bari an kira su tun ranar farko, da watakila abin bai tsallaka gidaje da yawa haka ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Ni da ke ba za mu iya bambance wannan ciwo da ciwon kajin da muka saba gani lokacin sanyi ba, a ido kusan ɗaya suke. Wancan yana da rigakafi, wanda ake ɗiga musu a ido, kada ki yi wasa da shi in lokacinsa ya zo. Wannan kuwa barkono da maɗaci ba sa taɓa shi. In kin ga kaji suna mutuwa farat ɗaya, da yawa a tare, ki sa Malam Nura ya kira malamin dabbobi a ranar. Kaza ba ta kwana ɗakin mutane, komai sanyi, komai ƙanƙantarta. In Allah Ya ba ki haihuwa, kuma ina roƙon Ya ba ki masu albarka in goya su da zanena, ki hana su rungumar kaji da wasa inda suke kashi. Wanda duk ya yi zazzaɓi ko tari bayan ya taɓa kaza mai ciwo, a kai shi asibiti, kuma a faɗi maganar kajin tun kafin a tambaya. Kada ki yi shirun da na yi.

Kada kuma tsoro ya yi miki yawa, don nan ma na wuce gona da iri. Bayan abin ya lafa na haramta wa gidan nan ƙwai da naman kaza gaba ɗaya. Ko a gidan suna aka miƙo miki cinya sai in buge hannunki. Babanki ya yi haƙuri har ya gaji, ran nan ya shigo da dafaffen ƙwai a aljihu, ya zauna a gabana yana ɓarewa, ya ce, "In na faɗi ki yi maza ki kawo wuƙa, kada in zama mushe." Na yi dariya har na ƙware. Kaza mai lafiya da aka dafa ta nuna sosai, da ƙwan da ya dahu har ciki, ki ci ki ba mijinki. Ina so in zo in same ki kin yi kumatu.

Akurkinmu ya daɗe a wofi kafin Babanki ya je rugar abokinsa Ardo a wajen Sule Tankarkar ya dawo da wake-wake guda biyu da ɗan zakara. Ya ce wannan karon shi zai riƙe, ni in zuba ido. Ke ce kika zama 'yar aikinsa, ke ɗebo gara, ke canza ruwa, ke share akurki ki zuba toka. Na sha tsayawa a ƙofar madafa ina kallonku kuna gardama a kan wace kaza ce za ta fara kwanci. Kajin da suke gidan nan yau duk jikokin waɗancan ne. Tun da ya rasu, da safe in na buɗe musu ƙofa sai in ji kamar zai yi gyaran murya a bayana. Don haka na san abin da kike nema a wurinsu. Ni ma shi nake nema.

Akwai maganar Hajiya. In kin ga wani abu a kiwonta da bai kwanta miki ba, kada ki je mata da wa'azi, ke baƙuwa ce kuma 'ya. Ki gaishe ta, ki karɓi tsintsiya ki share mata wurin zabin, ki wanke kaskon ruwan. In hira ta yi daɗi ki ba ta labarin nan nawa, har da zabuwar Asabe. Na yarda, ki faɗa, a yi mini dariya. Babba ta fi karɓar magana in an ce wata ce ta yi kuskuren.

Yanzu ga inda aka tsaya. Jiya da kaina na saka mayafi na je ofishin malaman dabbobi, na ce su zo su duba kajin gidana da na unguwa. Sun ce za su zo. Abin da suka faɗa shi zan bi. In suka ce cutar ta shigo, a hallaka su, to zan tsaya a wurin, ni zan nuna inda za a haƙa ramin, kuma ni zan kira ki in faɗa miki da bakina. Za mu yi kuka tare, sannan in je rugar Ardo in roƙo miki wasu daga inda Babanki ya samo. Gara in binne su a nan da in aiko miki da abin da zai ɓata miki zama.

Amma zuciyata tana ba ni alheri, Auta! Yau da safe zakaran nan ya yi cara har sai da Asabe ta leƙo ta katanga ta ce in gaya masa ba shi ne ladan ba. In aka ce lafiya, aka bar su suka ƙara kwanaki a kulle, unguwa ta yi shiru, to ba zan ba ɗan acaɓa saƙo ba, ba zan ba Hauwa ba. Ni zan kawo su. Tun da na fita takaba ban taka wajen Gumel ba, ko Maigatari ban je ba, duk wanda ya gayyace ni sai in ce jikina. Wannan tafiyar kuwa ina ɗokinta kamar yarinya. Zan shiga mota da kwandon a kan cinyata, duk wanda ya ce in sa a but ɗin motar mu yi rigima. Ki ce wa Malam Nura ya fara ginin akurki tun yanzu, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya yi masa ƙofa mai kyau da 'yar taga ta shan iska, nesa da na Hajiya. Su ma in sun zo za su yi zaman baƙunta su kaɗai kafin su gaisa da zabinta, ba za a ɗaga musu ƙafa don na Babanki ne ba. Ni kuma ki tanadar mini tabarma da tuwon gero miyar kuka, don ba a ranar zan juyo ba.

Allah Ya tsare ki daga ciwo da abin da ido bai gani ba. Ya tsare mijinki a hanyarsa ta fita da ta dawowa. Ya ba Hajiya lafiya da tsawon rai, Ya kare dabbobinta da na duk mutanen garinku. Ya kawar mana da wannan cuta daga ƙasar nan baki ɗaya. Ya jiƙan Babanki, Ya kai masa labarin cewa autarsa tana ɗakinta lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki daina kuka a waya, kina sa ni nawa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Inna Rabi